Suna Ake Saye: Tarihin Gidajen Abinci da Cinikin Tsohuwar Giyar Inabi a Faransa

Shekaru kaɗan da suka wuce, gidan rediyon da nake yi wa aiki ya tura ni wani kwas na mako uku a Faransa. Daren da za mu dawo gida, mutumin da ya shirya kwas ɗin ya kai mu wani gidan abinci a birnin Paris, mu shida. Aka miƙa wa kowannenmu takardar jerin abinci mai shafi biyu, shi kuwa aka ajiye masa wani littafi mai kauri kamar rajistar makaranta. Na ɗauka na lissafi ne. Ashe sunayen giyar inabi ne, kowace da shekarar da aka girbe inabinta da kuma kuɗinta. Ni da abokin tafiyata ɗan Garwa ruwa muka sha, amma ɗan jarida ba ya ganin takarda ya ƙyale, sai na roƙi a ba ni in duba. A shafin ƙarshe na tarar da kwalba guda wadda kuɗinta ya fi albashina na shekara. Na tambayi mai masaukinmu ko akwai mai sayen wannan. Ya yi dariya ya ce akwai, kuma da yawa daga cikin masu sayen irinta ba sa buɗe ta. Ajiyewa suke yi, su sayar bayan shekara goma ko ashirin.

Kafin mu yi nisa, mai karatu, bari in faɗi abu ɗaya. Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, shanta da cinikinta, kuma ba talla na zo yi mata ba. Abin da ya tsaya mini a rai tun daren nan tambaya ce ta tarihi: ta yaya wata al'umma ta mayar da abincin da ake cinyewa cikin awa biyu, da ruwan da kan lalace in an bar shi a rana, suka zama dukiyar da ake gwanjonta kamar gida ko fili? Da na bi sawun labarin, sai na ga duk inda na juya abu ɗaya nake tararwa, wato suna da aka rubuta a takarda, da wani alƙali da jama'a suka yarda da maganarsa.

Daga kwanon romo

Sayar da dafaffen abinci tsohuwar sana'a ce a duniya. Biranen Kaifeng da Hangzhou na ƙasar Sin suna da manyan gidajen abinci tun ƙarni na 12. Amma irin gidan abincin da muka sani yau, inda za ka zauna a teburinka, a kawo maka takarda ka zaɓi abin da kake so, kowane da farashinsa a rubuce, a Paris ya samo sunansa da tsarinsa.

Kafin shekarun 1760, baƙon da ya sauka a Paris yana jin yunwa sai dai ya je masauki, ya zauna a dogon tebur tare da mutanen da bai sani ba, a lokacin da mai gida ya tsayar, ya ci abin da aka dafa. Wanda ya makara ya tarar da ƙashi. Sana'ar abinci kuma a rarrabe take tsakanin ƙungiyoyi masu izinin sarki: masu gashi daban, masu miya da nama daban, masu burodi daban, kowa na tsaron iyakarsa, kamar yadda ba ka isa ka kafa teburin nama a kasuwa ba tare da sanin sarkin fawa ba.

Kalmar restaurant a wancan zamani sunan romo ne, wanda ake dafa nama ya daɗe a wuta har ya narke, a ba mai rauni ko wanda ya tashi daga ciwo don ƙarfinsa ya dawo. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne wani mai suna Boulanger ya fara sayar da shi a 1765. Sai dai masaniyar tarihi Rebecca Spang, wadda ta fitar da littafi kan wannan batu a shekarar 2000, ta ce ba ta ga shaidar wannan labari a takardun zamanin ba. Wanda ta samu shi ne Mathurin Roze de Chantoiseau, da ya buɗe gidansa wajajen 1766. Abin lura game da shi: shi ne kuma ya riƙa buga littafin adireshin masu sana'o'in Paris, ya kuwa sa sunan gidansa a ciki. Tun ranar farko ke nan, kwanon romo da takardar talla tare suka taso.

Wajajen 1782 Antoine Beauvilliers ya buɗe La Grande Taverne de Londres, da madubai da fitilu da ma'aikata cikin tufafi masu kyau da rumbun giya a ƙarƙashin ƙasa. Juyin juya halin 1789 ya watsa gidajen sarauta, aka soke ƙungiyoyin sana'a a 1791, kukun da jiya yake dafa wa basarake ɗaya ya koma dafa wa duk mai kuɗin biya. Da gidajen suka yi yawa, sai aka buƙaci mai cewa wanne ya fi. Wani lauya, Grimod de La Reynière, ya fara fitar da littafin shekara-shekara a 1803 mai suna Almanach des Gourmands. Ya kafa kwamitin 'yan ɗanɗano, masu sana'a su aiko da girkinsu kyauta, kwamiti ya ci ya yanke hukunci. Tun lokacin aka fara zarginsa da cewa wanda ya fi cika masa tebur shi ya fi samun yabo.

Takardar dillalai ta 1855

A ɓangaren giyar inabi ma haka aka yi. A 1855 Napoleon na Uku ya shirya babban baje kolin duniya a Paris, aka nemi yankin Bordo da ke kudu maso yammacin ƙasar ya kawo abin da yake taƙama da shi. Majalisar 'yan kasuwar Bordo ta ce dillalai su jera mata gonakin inabi bisa daraja. Dillalan ba su tsaya ɗanɗana komai ba. Littattafansu na ciniki suka buɗe, suka duba farashin da aka daɗe ana biya wa kowace gona, cikin kusan mako biyu suka miƙa takarda mai ɗauke da kwanan watan 18 ga Afrilu, 1855. Sun kasa jar giya gida biyar. A sahun farko gonaki huɗu ne: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion.

Don baje kolin shekara ɗaya aka yi takardar nan, amma har yau da ita ake aiki. Gonaki 61 ne a cikinta, kuma sau biyu kacal aka taɓa ta. Na biyun shi ne na gonar Mouton, wadda aka sa a sahu na biyu. Baron Philippe de Rothschild ya karɓi ragamarta a 1922, ya shafe shekara hamsin yana kamun ƙafa da jayayya, sai a 1973 aka ɗaga ta zuwa sahun farko, lokacin Jacques Chirac yana ministan noma. Shi ne kuma a 1924 ya daina sayar wa 'yan kasuwa giyarsa a gangunan katako, ya ce a gonarsa za a ɗura ta a kwalba a rufe, don kada wani ya gauraya ta da wata a hanya ya sayar da sunansa.

Ka lura da yadda abin ya juya. Farashi ne ya haifi takardar 1855, daga baya takardar ta koma ita ke haifar da farashi. Gonaki da yawa sun canza hannu, wasu sun faɗaɗa, wasu sun lalace sun farfaɗo, amma matsayin yana nan maƙale da sunan.

Liyafa biyu a gari ɗaya

In ana maganar cin abincin da ba a mantawa, Faransawa sukan kawo liyafar ranar 7 ga Yuni, 1867, a Café Anglais. Wani baje kolin ake yi a Paris, sarakunan Turai sun hallara. Sarki Wilhelm na Ɗaya na Prusiya ya zauna da Sarkin Rasha Alexander na Biyu, da ɗansa mai jiran gado, da Bismarck. Babban kuku Adolphe Dugléré ya shirya musu abinci kala 16 da giya iri 8, suka shafe kusan awa 8 a tebur, kowane mutum aka biya masa faran 400. Cikin abin da aka zuba musu akwai Margaux da Latour na 1847 da Lafite na 1848, wato sunayen da dillalai suka sa a sama shekara goma sha biyu kafin nan. Shekara ɗaya bayan liyafar, James de Rothschild, attajirin banki, ya sayi gonar Lafite kan faran miliyan 4 da ɗoriya.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Shekara uku bayan wannan dare, Wilhelm da Bismarck suka dawo Paris, wannan karon da igwa. Sojojinsu sun yi wa birnin ƙawanya daga 19 ga Satumba, 1870, har zuwa 28 ga Janairu, 1871. Shanu da tumaki suka ƙare, aka koma kan dawaki, daga nan karnuka da kyanwoyi da ɓeraye. Da aka rasa abin ciyar da namun dajin gidan zu, sai aka sayar wa mahauta, har da giwaye biyu, Castor da Pollux.

Takardar abincin da gidan Voisin ya fitar ranar Kirsimeti ta 1870, kwana na 99 na ƙawanya, tana nan har yau. A ciki akwai kan jaki da aka cusa wa kayan haɗi, romon giwa, gasasshen raƙumi, cinyar kyarkeci, da kyanwa an kewaye ta da ɓeraye. A ƙasan takardar kuwa an jera Mouton Rothschild na 1846 da Romanée-Conti na 1858. Talakawa na mutuwa da yunwa da sanyi a unguwanni, masu hali na cin ɓera da giyar da ta shekara ashirin da huɗu a rumbu. Nama ya ƙare a Paris cikin wata uku, kwalaben suna nan ba abin da ya same su. Duk mai son sanin dalilin da ya sa attajiri ke ganin kwalba a matsayin ajiya, ya dubi wannan takarda.

Ƙwaro, jabu da doka

Abin da sojan Prusiya bai iya ba, wani ɗan ƙwaro ya kusa yi. Sunansa phylloxera, ya shigo daga Amurka a jikin dashen inabi cikin shekarun 1860, yana cin saiwa daga ƙarƙashin ƙasa har itacen ya bushe. Tsakanin 1875 da 1889, giyar da Faransa ke samarwa ta ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku. Maganin da aka samu daga ƙarshe shi ne a ɗaura reshen inabin Faransa a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron bai iya kashewa.

Kafin gonaki su farfaɗo, 'yan jabu sun cika kasuwa. Ana jiƙa busasshen inabi daga Girka da Turkiyya, a zuba sukari da ruwa da launi, a liƙa sunan da aka ga dama. A wannan lokaci ne kuma Turawan mulkin mallaka suka cika gonakin Aljeriya da inabi, har ƙasar Musulmi ta zama wadda ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi zuwa waje, yawancinta ana kaiwa Faransa a gauraya. Da kaya suka yi yawa farashi ya faɗi. A 1907 manoman kudancin Faransa suka fito zanga-zanga, dubban ɗaruruwa suka taru a Montpellier, sojoji suka yi harbi a Narbonne aka rasa rayuka, wata runduna ta ƙi bin umarni. A 1911 manoman Champagne suka ƙone gidajen 'yan kasuwar da suke zargi da shigo da inabin wani yanki suna sayarwa da sunan nasu.

Daga wannan rikici aka samu dokar 30 ga Yuli, 1935, wadda ta kafa tsarin da ake kira AOC. Ma'anarsa a taƙaice: sunan wuri mallakar mutanen wurin ne. Ba ka da ikon rubuta Champagne ko Bordo a jikin kwalba sai inabin ya fito daga cikin iyakar da aka shata, irin da aka amince, an noma shi an sarrafa shi yadda aka rubuta, kuma akwai hukuma mai zuwa ta duba. Cukun Roquefort ya riga ya samu irin wannan kariya tun 1925. A 1992 Tarayyar Turai ta ɗauki tsarin ta shimfiɗa shi kan kayan abincin ƙasashenta.

Taurarin masu sayar da taya

Alƙalin gidajen abinci mafi ƙarfi a duniya daga kamfanin taya ya fito. 'Yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin na garin Clermont-Ferrand, sun lura cewa in mutane ba su yi tafiya ba taya ba za ta cinye ba. A 1900, lokacin motocin Faransa duka ba su kai 3,000 ba, suka buga wani ɗan jan littafi kusan kwafi 35,000 suna rabawa kyauta: ga taswira, ga inda ake samun mai, ga makaniki, ga wurin kwana. A 1920 suka fara sayar da shi faran 7. A 1926 suka fara sa tauraro a gaban sunan gidan abincin da ya yi fice, a 1931 suka kai taurarin zuwa uku. Masu bincikensu ba sa bayyana kansu, su ci su biya su tafi. A 1933 wata mata 'yar ƙauye, Eugénie Brazier, ta samu tauraro uku a kowanne daga gidajenta biyu da ke Lyon da kewayenta.

Tauraro na kawo baƙi daga nesa, yana buɗe ƙofar banki, amma yana da nauyi. Bernard Loiseau na garin Saulieu ya samu na uku a 1991, ya ci bashi mai yawa ya gyara gidansa, har ya sa kamfaninsa a kasuwar hannun jari. A farkon 2003 wani littafin, Gault et Millau, ya rage masa maki daga 19 zuwa 17, jaridu kuma suka yi ta raɗe-raɗin cewa Michelin za ta cire masa tauraro. Ranar 24 ga Fabrairu ya kashe kansa yana da shekara 52. A lokacin taurarinsa uku suna nan ba a taɓa su ba. A 2017 wani kuku mai tauraro uku, Sébastien Bras, ya roƙi a cire sunansa daga littafin, ya ce yana so ya yi girki ba tare da fargabar wane ne ke zaune a tebur ba.

Ranar da aka rufe sunaye

To, in aka ɓoye sunan, harshe zai gane? An gwada. Ranar 24 ga Mayu, 1976, wani Baturen Ingila mai kantin giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara manyan masana tara na Faransa, ya zuba musu giyar Faransa da ta Kalifoniya a kofuna ba tare da sun ga kwalba ba. Da aka tara maki, ta Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya a fara da ja: Chateau Montelena da Stag's Leap, duka na 1973. Cikin waɗanda aka kayar har da Mouton da Haut-Brion. Ɗaya daga alƙalan, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ɗan jarida ɗaya ne ya halarta, George Taber na mujallar Time, kuma da bai je ba da wataƙila maganar ta mutu a ɗakin.

Mutum zai zaci farashin manyan sunayen Bordo zai faɗi bayan wannan. Hawa ya ci gaba da yi. Wani lauya ɗan Amurka, Robert Parker, ya fara fitar da mujallarsa a 1978 yana ba kowace giya maki har zuwa 100. Ya yaba girbin Bordo na 1982 tun yana cikin ganga, Amurkawa suka saya, suka ci riba. Maki lamba ce, ita kuwa lamba ko wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba yana iya ciniki da ita.

Ga yadda lissafin masu zuba jarin yake. Gona ba ta ƙaruwa: Romanée-Conti duka ba ta kai hekta biyu ba. Kowace kwalba aka sha, saura sun ragu. Wasu irin kuma sukan ƙara kyau shekara talatin ko fiye in an ajiye su a kwance, cikin duhu da sanyi daidai. A Bordo ana sayar da giyar tun tana ganga, watanni kaɗan bayan girbi, mai saye ya biya ya jira kusan shekara biyu kafin a ba shi kwalba, kamar mai sayen gero tun yana gona. A shekarar 2000 wasu tsofaffin dillalan hannun jari biyu suka kafa kasuwar Liv-ex a Landan, inda ake bin farashin kwalabe kullum. Akwatuna da yawa kan canza mai su sau da dama ba tare da sun motsa daga sito ba.

Sai dai kwalba ba ta haihuwa kamar saniya, ba ta kawo kuɗin haya kamar gida. Ci take yi: kuɗin sito, kuɗin inshora, la'adar mai gwanjo. Ribarta kawai ita ce wani ya zo gobe ya biya fiye da yadda ka biya. A Fabrairun 2008 Hong Kong ta soke harajin giyar inabi, sababbin attajiran Sin suka shigo kasuwa suna sayen Lafite don kyauta ga manya. A Oktoban 2010 aka sayar da kwalabe uku na Lafite 1869 a can, kowace sama da dalar Amurka 230,000. Gonar ma ta zana lambar takwas ta rubutun Sin, wadda suke ɗauka ta sa'a, a jikin kwalaben girbin 2008. A tsakiyar 2011 farashi ya kai ƙololuwa ya juyo ƙasa, sannan yaƙi da cin hanci da gwamnatin Xi Jinping ta ƙaddamar ya kashe kasuwar kyaututtukan. Waɗanda suka saya a sama sun daɗe suna jiran uwar kuɗinsu. Duk da haka, a Oktoban 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Romanée-Conti 1945 a New York kan dala 558,000, sama da miliyan 300 na sefa. Guda 600 kacal aka yi a wannan shekarar.

Ramin ƙarya

Inda duk takardar jikin kwalba ta fi abin da ke ciki tsada, mai buga takarda zai zo. Ranar 5 ga Disamba, 1985, gidan gwanjo na Christie's a Landan ya sayar da wata kwalba da aka zana wa 1787, Lafitte, da haruffan Th.J. An ce ta Thomas Jefferson ce, shugaban Amurka na uku, kuma wai an same ta a bayan wani bango a Paris. Christopher Forbes ya biya fam 105,000. Aka baje ta ƙarƙashin fitila don mutane su gani, zafi ya sa toshiyar ta ƙanƙance ta faɗa ciki. Wani attajirin, Bill Koch, ya sayi huɗu irinta kan kusan dala rabin miliyan daga kayan mutumin da ya ce shi ya gano su, Bajamushe Hardy Rodenstock. Da ya sa masu bincike, suka ce da injin lantarki aka yi zanen, abin da babu shi a zamanin Jefferson. Rodenstock ya mutu a 2018 bai amsa laifi ba.

Wanda ya fi shi ɓarna shi ne Rudy Kurniawan, matashi ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya. Da liyafa ya sayi amincin attajirai. Yakan tara su a manyan gidajen abinci na New York, ya sa a buɗe kwalabe masu tsada na gaske, ya biya, sannan ya ce a aika masa da kwalaben da aka shanye gida, wai don tunawa. A 2006 an sayar da kayansa na kusan dala miliyan 35 a gwanjo biyu. Abin da ya tona shi ƙaramin kuskure ne. A 2008 ya kawo kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu shekarun 1945 zuwa 1971. Mai gonar, Laurent Ponsot, ya hau jirgi ya zo ɗakin gwanjon da kansa ya sa aka janye su, domin gidansu bai fara yin wannan giya ba sai 1982. A Maris 2012 jami'an FBI suka shiga gidan Kurniawan suka tarar da tulin takardun liƙawa, hatimai, toshiya da tsofaffin kwalabe. A ɗakin girki yake haɗa masu araha ya ɗura. An yanke masa shekara 10 a 2014, aka mayar da shi ƙasarsa a 2021. Shekaru da dama masana suna shan haɗinsa suna yabawa.

Inda labarin ya iso gida

Dokar nan ta 1935 da rikicin manoman inabi ya haifar ta iso ƙasashenmu ta wata ƙofa. Ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda Nijar da Kamaru da Chadi ke cikinta, ta fara rajistar sunayen kayan gargajiya bisa wurin da suka fito. A 2013 aka yi wa masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama-Macenta na Gini. Masoron Penja yau yana cikin ɗakunan girkin manyan gidajen abinci na Turai da sunansa. A 'yan shekarun nan an yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar irin wannan rajista.

Tarihin Faransa ya nuna cewa takardar rajista mafari ce kawai. Sunan Bordo ya tsaya ne domin akwai iyaka a shate, akwai ƙa'ida a rubuce, akwai mai dubawa, akwai kuma manomi irin Ponsot da zai tsallaka teku don kwalbar da ba tasa ba ce aka sa wa sunansa. Ya kuma nuna ɗaya gefen: in suna ya yi wa kaya nisa, ɗan jabu da ɗan caca ke cin moriya, mai sana'a kuma ya koma bawan maki, kamar Loiseau. Buhu nawa ake saukewa a kasuwannin Akara da Abijan da sunan Galmi, kuma wa ke iya rantsuwa cewa daga can suka fito?

A daren nan na Paris, mai masaukinmu ya tambaye ni da wane abinci garinmu ya yi suna. Na ce kilishi. Ya ce na wane gida? Nan take na faɗa masa sunan mahaucin da mahaifina yake aikena wurinsa tun ina yaro, da yadda yake shanya naman a kan gadon kara, da yadda labunsa ya bambanta da na maƙwabcinsa. Ya ce a ina zai karanta labarinsa? Na yi shiru. Duk garinmu an san wannan mutum, matafiya kan tsayar da mota don shi, amma sunansa a bakin mutane kawai yake. Abin da aka ba mu muka ci a daren, in ban da wani kifi da aka dafa da man shanu, na manta. Tambayar ce ta biyo ni gida. Tun da na dawo na fara zagayawa da rakoda wurin tsofaffin mahauta da mata masu tuwo da fura da suka yi suna a garuruwanmu, ina ɗaukar sunayensu da na waɗanda suka koya musu. Duk wanda ya san irinsu a garinsa, ya rubuta tun suna raye.